Robar da Na Yanka a Guzurin Moton Baba

Wata Laraba ce, ƙarshen damanar da na gama aji huɗu a lakol, gero ya yi kai tsuntsaye sun taso masa, aka shigo da moton Baba, wato babur ɗinsa, garinmu a kan amalanken shanu. Ana shirin sallar la'asar. Moton na kwance a gefe guda kamar akuyar da za a kai mahauta, Baba na biye a ƙasa, rigarsa jiƙe da gumi, wandonsa duk ƙarangiya. Mutanen unguwa suka fito suna kallo, don ba a taɓa ganin haka ba. Mutumin da ke tsayawa ya ceci kowa a hanya, yau shi aka ɗauko. Ni kuwa ina tsaye da sabuwar gwafar harbin tsuntsu a aljihu, na san dalili tun bai buɗe baki ba.

Sana'ar Baba sayen fatun awaki ce, yana cin kasuwar Gangara da Ollelewa, wani lokaci har Tenhya wajen makiyaya. Hanyoyin nan rairayi ne da ƙaya, sai ka yi rabin wuni ba ka ga mai faci ba. Don haka yake da wani ƙunshi a fatar akuya jemammiya, ɗaure a bayan sirdi, yana ce masa guzurin moto. Ba a rana ɗaya ya tara shi ba. Ƙarafa uku na ɓanɓare taya maƙerin garinmu ya ƙera masa da tsohon ƙarfen mota. Akwai famfon iska, da makullan kwance noti, da buji, da waya, da gam ɗin faci, sai sabuwar robar cikin taya, wadda muke ce wa shambur, a naɗe da tsumma. Yakan ce, "Wanda ya fita ba guzuri, da wahalar wani ya fita." Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yayana Sani ke shimfiɗa tabarma ya kwance ƙunshin, ya goge ƙarafan da mai, ya hura shambur ya tsoma a ruwa ko zai ga kumfa. Ba aikin banza ba ne. Baba ya yi alkawari in an gama girbi zai miƙa masa moto da sana'ar gaba ɗaya, don bayansa ya fara ciwo.

Ni aikina korar tsuntsu a gona. Tun asuba nake hawa rumfar kara da gwangwani a hannu, ina kaɗawa ina ihu har muryata ta dushe, tsuntsayen janbaki kuwa ko a jikinsu. Robar gwafata ta tsufa, da na ja sai ta tsinke. Ranar Asabar, Baba ya tafi jana'iza, mata na sussuka a bayan gida, na kwance ƙunshin na ɗauki reza. Da niyyar zare ɗaya na fara. Da na ji yadda robar ke miƙewa, sai na yanka wa Ila, na yanka wa Mamman, na yanka wa duk wanda nake son ya yabe ni. Sa'an nan na naɗe ragowar yadda ɓangaren mai lafiya zai kasance a waje, na mayar da tsumma, na ɗaure yadda Yaya Sani ke ɗaurewa. Wannan naɗin ne ya fi ƙona mini rai. Yankan ana iya cewa wautar yarinta ce, amma naɗin, wanda ya san abin da yake yi ne ya yi shi.

Ranar Larabar, kututture ya tsaga tayar baya a dajin da ke tsakaninmu da Ollelewa, tsagar da faci ba ya kamawa. Baba ya warware shambur ya tarar da tsumman roba. Ya tura moto cikin rairayi tun hantsi, har Allah ya kawo wani mai amalanke. Da aka sauke moton a ƙofar gida, Baba ya zube ƙunshin a gaban jama'a, ya tambayi Yaya Sani ko ya duba ranar Juma'a. Ya ce ya duba, lafiya lau ya gan ta. Baba ya ɗaga robar ya ce, "Ka yi sakaci, kuma ka haɗa da ƙarya a gaban mutane." Yaya Sani ya juyo ya dube ni, ya dubi aljihuna, ya sunkuyar da kai. Na yi shiru. Harshena lafiya lau yake, wanda ya wuni yana ihu a gona.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Yara biyar a unguwa ɗaya da sabuwar roba baƙa ƙirin a wuya, amma ba babba ko ɗaya da ya tambayi inda muka samo. An sami wanda za a ɗora wa laifi, kowa ya huta. Ni na fi kowa hutawa, na ci tuwona har da ƙari. Da aka ɗaure damman gero, Baba ya miƙa moton ga ɗan ƙanensa. Yaya Sani bai yi gardama ba, ya bi motar Agadez neman aiki, daga nan sai dai ya zo da salla. Baba ya rasu yana ganin babban ɗansa maƙaryaci ne, ni kuma yana sa mini albarka.

Bana na sayi moto, na shiga kasuwar Tanout haɗa nawa guzurin. Mai shago ya miƙo mini wasu makullai masu ƙyalli a leda, na gwada ɗaya a noti ya lanƙwashe kamar cokali. Ya yi dariya, wai yanzu wa ke ɗaukar wannan kaya, in moto ya mutu waya ake bugawa. Na bar shi na tafi maƙera. Ina zaune ana hura wuta na kira Yaya Sani, na faɗa masa komai, har da naɗin. Sai ya ce, "Ai na sani tun ranar, ƙanena. Ba ni ke bukatar jin wannan ba, Baba ne."

A da, mutum ba ya fita sai ya shirya wa ɓacin hanya, nasa da na wanda zai tarar a tsaye. Yanzu samari kan wuce ka da gudu kana tura moto, ko sallama babu. Nakan ji haushinsu, sai in tuna ni ɗan uwana na wuce, ina ganinsa. Gaskiyar da ta makara, ba ta tarar da mai ita a gida.