Tsagar da ke Shafi na Huɗu

A Gidan Halidu, wani ƙauye da ke gindin dutse a ƙasar Tama, ba wanda bai san Abdurrazak ba. Shi ne dogon nan mai alƙalami biyu a aljihun gaba, wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara tambayarka lafiyar iyali. Shekararsa arba'in da bakwai, kuma ba a taɓa jin ya faɗa wa wani magana mai zafi ba. Mutane suna yabonsa a kan haka, ba su san abin da zai jawo musu ba.

Laushin bakin nan gado ne. Mahaifinsa shi ake aikawa ya kai labarin rasuwa, amma bai taɓa shiga gida ya ce wane ya mutu ba. Sai ya gaisa, ya sha ruwa, ya tambayi damina, sannan ya ce jikin wane ya matsa, ya kamata a leƙa. Mai hankali ya gane. Da Abdurrazak ya shiga kwaleji a Buza, sai ya tarar Faransancin takardun ofis ma haka yake, layi biyar na durƙuso kafin a kai ga magana. Abin ya zauna masa daidai. Lissafi ya kayar da shi jarrabawa sau biyu, ya tafi ci-rani Abijan shekara shida, ya dawo ya auri Rufaida, ɗiyar Alhusaini magini.

Ana nan sai wani furoje, wato shirin raya karkara, ya gina madatsa a ƙoramar garin, ta dutse da siminti, wadda kowa ke kira baraj. Tana tare ruwan damina ya kwanta a fadama, rijiyoyi su cika. Cikin shekara uku gida sittin suka koma noman albasa da tumatir, samari suka daina tafiya. Aka kafa kwamiti, aka ba Abdurrazak sakatare, tunda shi ke da rubutu. Aikinsa ya zagaya ginin kowane ƙarshen wata, ya rubuta abin da ya gani, ya ɗauki hoton takardun da waya ya tura wa Hindatu, ma'aikaciyar furojen da ke Buza. Ƙauyuka talatin da biyu ke tura mata, kuma a ƙaramar waya take karantawa.

Rahoton Abdurrazak ba ya kasa shafi huɗu, da rubutu mai kyau kamar zanen hula. Wata rana Hindatu ta zo ziyara ta ja shi gefe.

"Malam, don Allah ka rage mini," in ji ta. "Abin da ya lalace ka sa shi bisa, layin hwarko. Mi ya lalace, ina, mita nawa, yaushe ka gani. Gaisuwa mu yi ta ga waya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba."

Ya ce, "To, Madam, an ji." A ransa kuwa ya ji haushi. Yaya za a buɗe wa na gaba takarda da mummunan labari, ba sallama ba komai? Wannan ai tarbiyyar yaran zamani ce. Ya ci gaba da shafi huɗunsa.

A tsakiyar bazara ya ga tsagar. Tana fiffiken gabas, inda ginin ya shiga gaɓa. Ya zura hannu, hannu ya shige. Ya karyo karan dawa ya tura, kamu uku bai taɓo komai ba, ruwan bara ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashi. Ya zauna a kan dutse, zufa tana keto masa, domin ya san mai wannan fiffiken. Surukinsa Alhusaini ne ya gina shi, mutumin da Abdurrazak ba ya faɗar sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, yana tuɓe masa takalmi tun daga nesa. Tsohon ba shi da abin alfahari kamar ginin nan, duk baƙon da ya yi sai ya kai shi ya gani. In aka rubuta tsagar ƙarara, furoje zai zo, a kira magini a tsakiyar jama'a a yi masa tambayoyi, kuma kowa zai san alƙalamin wa ya jawo.

Kwana uku yana rubutun nan. Shafi na ɗaya godiya ce ga shugabanni. Na biyu yawan buhunan albasar bana. Na uku taron kwamiti da ƙorafin awakin da ke hawa gini. A ƙasan shafi na huɗu ya ce an lura da ɗan sauyi a wani sashe na ginin, wanda zai so ziyarar masana idan lokaci ya ba da hali. Ba awo, ba hoto, ba ma sunan fiffiken. Ya tura, ya yi ajiyar zuciya, ya ce wa kansa ai ya faɗa. Mai hankali zai gane.

Hindatu ta amsa da kalma biyu: an gani.

Wata ya zagayo, hannunsa ya shige har kafaɗa. Ya sake rubuta layin nan a wurinsa, ya ƙara da cewa da gaggawa, sannan ya dube shi ya ga kamar yana ba manya umarni, ya soke. Ɗantala, shugaban kwamiti, ya tare shi a bakin masallaci ya ce, "Lahiya baraj?" Ya ce, "Lahiya lau, na rubuta musu." Tsoro yana cinsa, abinci ba ya shiga, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, kuma Abdurrazak ya fi kowa sanin haka.

Ranar wata Juma'a ta watan Agusta aka kwana ana ruwa a kan dutse. Da hantsi ƙorama ta iso, ja wur, da itatuwa a kanta. Mutane suka tsaya a tudu suna kallo. Kafin azahar fiffiken gabas ya kwanta, ruwa ya bi ta nan ya yanki sabuwar hanya ta tsakiyar lambuna. Ba a rasa rai ba. Amma da ruwa ya janye, yashi ya kai ƙirjin mutum a inda fadama take, rijiya arba'in da ɗaya sun toshe, irin albasar da aka zuba ya tafi gaba ɗaya.

Kwana uku bayan haka Hindatu ta zo da rahotanninsa a buge a takarda. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna ta bi su da yatsa har ta kai layin.

"Nan ka hwaɗa?"

"Nan."

"Siminti na nan ga magazanmu, ɗakin ajiya, tun watan huɗu, Malam. Sati guda da magina huɗu, da an gama. Na aika shi wani gari da sunka rubuto mini layi biyu." Idonta ya kawo ruwa. "Ni ma ban taɓa kai shahi na huɗu ba. Allah shi yahe muna."

Ta ce ya rubuta ɓarnar da aka yi. Ya rubuta a rabin shafi, mita nawa ya karye, rijiya nawa, lambun wa da wa. Bai taɓa rubutu mai kyau irin wannan ba. Amsa ta zo cikin sati, ita ma a taƙaice: wa'adin furoje zai cika a ƙarshen shekara, ba za a sake ginawa ba. Kafin kaka ta wuce samari goma sha tara sun ɗauki jaka.

Ba wanda ya zargi Abdurrazak, don ba wanda ya san abin da ke cikin takardun, Hindatu kuma ta rufa masa asiri. Zargin ya faɗa kan Alhusaini. Aka ce ya rage siminti, aka ce tsufa ya ci idonsa. Aka daina kiransa ko gyaran rumbu, ya daina zama a dandali. Rufaida tana dawowa daga gidansu tana kuka, mijinta yana ba ta haƙuri, kunya da baƙin ciki suna cinsa.

Sai bayan an gama girbi Abdurrazak ya iya zuwa gidan surukinsa. Ya tuɓe takalmi a ƙofar gida, ya durƙusa, ya fara jero gaisuwa. Tsohon ya bar shi ya gama. Sannan Abdurrazak, kansa a ƙasa, ya faɗi duk abin da ya faru.

"Tun yaushe ka gane ta?" in ji Alhusaini.

"Tun bazara, Baba."

"Hannunka ya shiga?"

"Har kahwaɗa."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannuwansa. "Shekara hamsin ina gini, ba ginin da bai tsagewa. In an kira magini shi toshe, ba abin kunya ba ne, aikinai ne. Kullum kana wucewa ƙohwar gidan ga, kana gaishe ni." Ya ɗago ya dube shi, abin da bai taɓa yi ba tun ranar aure. "Ni ka ji ma kunya, Abdurrazak, ko kanka?"

Tsohon ya tashi ya shige ɗaki, ya bar shi durƙushe a tsakar gida.