Ihun Am Monji Maƙeri

Duk wanda ya taɓa ratsa layin maƙera na Bab Jebli, a tsohon garin Safakis, ya san Am Monji, wato Kawu Monji, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren tsohon nan mai jar hular da hayaƙi ya rine, wanda in ka je sayen lauje sai ka sha shayi, ka faɗi sunan ubanka da na garinku, sannan a zo maganar lauje. Ba ya miƙa wa mutum wuƙa hannu da hannu. A kan uwar maƙera yake ajiye ta, ka ɗauka da kanka, don a wurinsa wanda ka miƙa wa kaifi ka yanke zumunci da shi ke nan. Mu mutanen Safakis an san mu da azarɓaɓin neman na kai, amma wannan bawan Allah bai taɓa yin sauri ba tun da uwarsa ta haife shi.

A maƙerar ya buɗe ido, a cikinta ubansa ya tsufa. Da ƙuruciyarsa manoman zaitun layi suke yi masa. Sai wuƙaƙen kanti suka shigo, ga arha ga ƙyalli, maƙwabta suka riƙa rufewa, wani ma ya koma sayar da rigunan waya. 'Ya ɗaya Allah ya ba shi, Siwar, shi kaɗai ya yi rainonta bayan rasuwar uwarta. Abin da ke cin ransa kuwa bai ɓoye wa kowa ba: ranar da ya mutu za a ja ƙofar nan a rufe, ba mai sake tuna an yi wani maƙeri Monji a duniya.

Siwar kwamfuta ta karanta, ta gama, aiki shiru. Ana nan sai wata cibiyar matasa ta shirya gasa: kowa ya ƙera gem, wato wasan kwamfuta, a ƙarshen mako guda, a ɗora a intanet, masu bugawa su ba da taurari su rubuta ra'ayinsu. An yarda ka riƙa gyara kafin ranar rufewa. Wanda ya zo na ɗaya, wani kamfani a Tunis zai ɗauke shi aiki.

Nata gem ɗin, wata jaruma ce ke tsalle daga soro zuwa soro tana tsintar ƙarafa, ta kai wa maƙeri ya ƙera mata takobi ko mashi ko gatari. Maƙerin kuwa ubanta ne sak, har hular, har ɗan tumbin. Muryarsa ma ta ɗauka da waya: gaisuwarsa, tambayar iyaye, da faɗansa in an kawo masa ruɓaɓɓen ƙarfe.

Kai, ranar da ya ga kansa a allo, layin maƙera bai huta ba.

"Na shiga kwamfuta!" yake ta faɗi. "Wanda ya shiga nan ba ya mutuwa, ku tambayi 'yata."

Mai rigunan waya ya ce, "To Allah ya jiƙan wanda zai jira ka a can ma."

Bakin mutumin nan kamar da wuta ya yi maganar. Masu buga gem ba su san wani Am Monji ba, ba su kuma da kunya. Wani ya rubuta, "Tsallen ya yi, amma wa ya jajibo mana tsohon nan?" Wata ta ce, "Na zo yaƙi, ana tambayata lafiyar mahaifiyata." Wani ya ce har ya fita ya sha lablabi, romon waken nan namu, ya dawo, tsoho bai gama wasa takobi ba. Sai wani ɗan banza ya kawo shawara: "A ba mu dama mu sare shi, ku ga ruwan taurari." Nan fa kowa ya ce haka ne. Gem ɗin Siwar yana can ƙasa, kusa da waɗanda ko buɗewa ba sa yi.

Shi duk bai sani ba. Kullum in ta dawo sai ya tare ta a ƙofa.

"'Yar Baba, me suke cewa a kaina?"

"Kai kaɗai ake magana, Baba."

Wata safiya ta same shi yana hura wuta, waya a hannunta, idonta a kan gawayi.

"Baba, ihu za ka yi mini, irin na wanda aka sara. Na wani dodo ne a ƙarshen gem."

Ya ajiye zugazugi, ya gyara tsayuwa, ya kurma ihu. Ya ce bai yi ba, a sake. Ya yi ta sakewa har ya samo wanda ya gamsar da shi, mai karyewa a tsakiya kamar na ɗan akuya. Shi mutum ne da ba ya sakin aiki rabi da rabi.

Ranar rufe gasa ya sa jabbarsa ta Idi, ya tafi cibiyar ba tare da ya gaya mata ba, wai zai ba ta mamaki. Teburin Siwar ne ya fi kowane cika, har sai da ya kutsa. A babban allo ga jaruma ta dira a maƙera, ga shi nan da hularsa, ya buɗe baki: "Maraba da 'yata, ya mahaifi..."

Takobi ya sauka. Ihunsa ya cika zauren, wannan mai karyewar, wanda ya zaɓa da kansa. Tsohon da ke allo ya wuntsila, makamai suka zube kyauta, ba jira ba gaisuwa. Zaure ya kece da dariya. A soro na gaba ga maƙerin ya dawo da murmushinsa, aka sake sare shi.

"Ni fa ba na karyawa sai na kashe shi," in ji wani mai gilashi.

Am Monji na tsaye yana jin su. Zafin wuta ya sani, na guduma a yatsa ya sani, amma wannan bai taɓa jin irinsa ba. Ya juya zai sulale, sai mai gilashin ya ƙyalla ido ya ga hular.

"Wallahi shi ne! Jama'a, ga tsohon da ransa! Alhaji, yi mana ihun!"

Suka kewaye shi, wayoyi a sama, suna tafi suna "Ihu! Ihu!" Har wakilin kamfanin, wani mai kwat, ya ɗaga tasa wayar yana washe baki. Tsohon ya nemi 'yarsa da ido. Tana bayan tebur, fuskarta ta yi fari fat. Ya zaci za ta daka musu tsawa. Ta dubi mai kwat, ta dube shi, leɓɓanta suka motsa.

"Baba, don Allah."

Ya yi. Ya kurma ihun, ya saki jiki ya faɗi a kan tayil da jabbarsa ta Idi, hula ta gangara ƙarƙashin tebur. Ba wanda ya miƙa masa hannu, kowa hannunsa na riƙe da waya.

"Kai, na cikin gem ya fi," in ji mai gilashi. "Alhaji, sake."

Siwar ce ta zo ta ɗaya. Sunan da Am Monji ke tsoron ya ɓace kuwa bai ɓace ba. Har yau samari na shigowa Bab Jebli suna tambayar ina tsohon da ake kashewa, mai rigunan waya ya nuna musu da baki. Sai dai butar shayi ta daina hawa wuta a maƙerar.

Ranar da za ta tafi Tunis ta biyo yi masa sallama, jaka a kafaɗa, ta kasa haɗa ido da shi. Ya buɗe akwati ya ɗauko wata 'yar wuƙa mai ƙotar itacen zaitun, wadda ya ƙera mata tun tana ƙarama, yana jiran ranar da za ta bar gida. Uwar maƙera na nan a tsakaninsu, ba komai a kanta. Ya tsallake ta da hannu, ya miƙa wa 'yarsa wuƙar.

"Baba, ajiye mana in ɗauka."

"Karɓi," ya ce. "Motarki na jira."