Sista Batulu da Bitar Hutu

"To wa zan miƙa wa aikin, Malam Yahuza? Darbejiyar bakin ƙofa?" in ji Sista Batulu.

"Hajiya, sabon tsarin a bayyane yake. Nas ba ta barin asibiti sai ta damƙa marasa lafiya a hannun 'yar'uwarta nas."

Ina kan benci ina jiran a wanke mini ciwon ƙafa, duk ina jin su. Sista Batulu ce nas tilo a ƙaramin asibitinmu na wajen Maruta. Ta zo da ƙuruciyarta, yanzu waɗanda ta yanke wa cibiya su ke kawo mata 'ya'yansu. Ita ce mai allura, ita ce mai karɓar haihuwa, ranar da mai shara ya tafi gona kuma ita ke ɗaukar tsintsiya. Da aka kafa kwamitin walwalar ma'aikatan jinya, ita aka naɗa shugaba, ita ce kuma 'yan kwamitin. Takan ce ba su taɓa samun saɓani ba.

'Yarta Khuzaima ce ta haihu a Birnin Kudu, jikar fari, suna ranar Asabar. Yini guda take roƙo. Shi kuwa Malam Yahuza jami'i ne daga Gwaram, ya zo liƙa hoton wata nas mai murmushi a bango.

"Kai ma ai jinya ka karanta," ta ce. "Zo ka riƙe mini Asabar ɗin, zan kawo maka naman suna."

"Na so, Hajiya, amma ranar nake gabatar da bita kan muhimmancin hutu ga ma'aikatan jinya. Ke ma an gayyace ki."

"In na je, wa zai riƙe asibitin?"

"Bita aiki ce. Sai ki rufe ƙofa kawai."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Ashe rufe asibiti don a koyi hutu halal ne, hutun ne haram. A ina za a yi?"

"Birnin Kudu."

"Yaushe ake tashi?"

"Galibi da an raba shinkafa mutane ke raguwa."

"Sa ni a ciki, Malam. Ka ajiye mini kujera kusa da ƙofa, ba na son zafi."

Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce da ma ya san tana da kishin ilimi. Ita kuwa ta ɗauki almakashi da auduga, ta ce in biyo ta a hankali, ta yi gaba zuwa ɗakin wanke ciwo.