Halliru Ya Sha Mangwaronsa

A shekarar da aka sami 'yancin kai, ƙauyen su Halliru da ke kusa da Gubuchi ba shi da itacen mangwaro ko guda. Ƙasa kam akwai, ga fadama nan shimfiɗe tana ba da rake. Tsoro ne ya hana. Mutanen garin sun gaji wata magana daga kakanni, wai duk wanda ya shuka mangwaro da hannunsa ba zai sha 'ya'yansa ba, itacen na fara huda za a kai shi makwanci. Liman yakan ce camfi ne, ajali na hannun Allah. Sai dai shi ma limamin ba a taɓa ganin ya tona rami ya sa ƙwallo ba.

Halliru manomin rake ne, yana dafa mazarƙwaila ya ɗora wa jaki ya kai kasuwar Makarfi. Gajere ne mai taurin kai, irin mutumin da in ka ce masa rijiya ta ƙafe sai ya zura guga ya gani. Duk duniya ba abin da yake so kamar autarsa Safiyatu.

Yarinyar nan kuwa dundumi ya kama ta. Da zarar rana ta faɗi sai ta shiga lalube, ta yi karo da turmi, ta taka kaji. Yaran garin da yawa haka suke, har an daina ɗaukar abin ciwo. Halliru bai yarda ba, ya ɗora ta a jaki sai ɗakin shan magani na Makarfi. Malamin asibiti ya duba idon, ya ce, “Me take ci a gida?”

“Tuwo da miyar kuka, ranka ya daɗe.”

“Kullum?”

“Har ranar Sallah, sai dai a ƙara nama.”

Malamin ya ce maganin ba a kwalba yake ba. A ba ta zogale da alayyahu, a ba ta gwanda da mangwaro, ta ci ta ƙoshi. Matar Halliru, Luba, ta shiga yin kwaɗon zogale, shi kuma duk ranar kasuwa ya dawo da mangwaro cikin mangala. Kafin damina ta kankama, Safiyatu ce ake aike da almuru ta ɗauko tabarma. Halliru ya yi murna har ya rasa inda zai sa kansa. Amma da ya leƙa waje ya ga 'ya'yan maƙwabta suna bin katanga da hannu, murnar ta rage.

Rannan ya tsinci ƙwallon da Safiyatu ta gama tsotsa, ya tona rami a ƙofar gida inda kowa zai gani, ya binne. Luba ta yi kuka kamar an riga an yi rasuwar. Yayansa Iliyasu ya zo a fusace.

“Halliru, rayuwar ce ta ishe ka?”

“Yaya, wa ka taɓa gani ya shuka ya mutu?”

“Ai shi ya sa ba wanda ya shuka.”

“To bari a samu na farko, a gani.”

Tsiro ya fito. Halliru ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, da rani yana ɗauko masa ruwa daga fadama. Itace na girma, gaisuwar mutane na ƙara tsawo. In ya yi atishawa a masallaci sai sahu ya waiwayo. Shi kuwa yana sane da cewa garin duka jiran sakamako yake. In ya mutu kafin itacen ya haihu, ko da kura ce ta cinye shi, ba mai ƙara shuka mangwaro a nan har jikoki.

Shekaru suka tafi, wani sanyi itacen ya yi huda. A makon kuma Halliru ya kwanta, zazzaɓi da tari mai tsaga ƙirji. Nan fa tsoro ya kama shi na gaske, don shi ma ɗan garin ne, da maganar ya tashi. Masu dubiya suka riƙa shigowa suna neman gafara a fakaice, su fita suna harara itacen.

Da hantsi wata rana Luba ta faɗo ɗaki. “Malam, ga Yaya can da gatari.”

Halliru ya yunƙura, ƙafa ta ƙi. Ya rarrafa ya ratsa tsakar gida da zaure, ya je ya jingina bayansa da gindin itacen yana haki. Iliyasu na tsaye, gatari a kafaɗa, hawaye na bin gemunsa.

“Matsa, Halliru. Kai kaɗai ka rage mini. Ba zan ba da ƙanena a kan itace ba.”

“Yaya, in ka sare shi na warke, za a ce sarar ce ta cece ni. Ka bar mu ni da shi, Allah Ya yi hukuncinsa.”

Iliyasu ya jingina gatarin da katanga, ya goya ƙanensa ya mayar ɗaki, ya kuma je da kansa ya ɗauko malamin asibiti a keke. Aka yi allurai. Tari ya sassauta, Halliru ya fara shan kunu, ya koma tuwo, har ya fara faɗa da Luba a kan gishirin miya. Jin haka ta san mijinta ya dawo.

Da bazara mangwaro ya nuna. Halliru ya cika kwando, ya ɗauka da kansa zuwa ƙofar masallaci bayan la'asar. Ya zauna a tsakiyar jama'a, ya zaɓi babba, ya yi bisimilla ya gatsa. Ruwan na bin hannunsa har gwiwa, bai goge ba. Ya sha a hankali, yana duban su ɗaya bayan ɗaya, zuciyarsa fara ƙal. Sannan ya tura kwandon gaban yara, ya ce kowa ya ɗauka.

Yara suka ɗiba, ƙarar tsotso ta cika wurin. Da Halliru ya gama, ya ɗaga hannu zai jefar da ƙwallon, sai aka riƙe masa wuyan hannu. Ya waiga, Iliyasu ne.

“Kawo nan,” in ji Iliyasu. “Kamu nawa ka yi wa zurfin ramin?”