Reshen da Ya Fasa Tafiya

A masaƙa ba wanda ya san shi da wani suna in ba Sai-an-gyara ba. Aikinsa shi ne ya tsaya gaban wani dogon tebur mai fitila a ƙarƙashi, yadi yana wucewa ta gabansa, shi kuwa yana riƙe da jan alli. Zaren da ya tsinke, ɗigon mai, launin da ya zarce iyakarsa, duk inda aibi ya ɓuya sai ya zaƙulo shi, ya kewaye shi da alli, ya ce, "Sai an gyara." Da wannan magana ya ci abinci har kansa ya yi fari. Masu saƙa kan ce da zai ƙura wa sararin sama ido da kyau, da ya gano inda aka yi masa faci.

Inda gizo ke saƙar shi ne, in ya tashi daga aiki allin kaɗai yake bari a can, idon kuwa biyo shi gida yake yi. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Amma in labule ya fi ɗan'uwansa tsawo, sai ya gani. 'Yarsa Auta ta taɓa kawo sakamakon makaranta mai kyan gaske, ya fara da cewa kusurwar takardar ta lanƙwashe.

Matarsa tana da ɗan lambu a bayan gida, bai fi ɗaki guda girma ba. Itacen rumman a jikin katanga, furanni cikin tsofaffin bokitai, sai benci. Duk shekara in sanyi ya ja baya, itatuwa suka fara toho, takan ƙwala masa kira: "Baban Auta, zo ka ga abin mamaki!" Shi kuma ya leƙo ta taga da jarida a hannu ya ce, "Na gani. Bokitin can ya yi tsatsa."

Wata shekara ta sayi farin yadi, ta ce za ta yi wa teburin cin abinci shimfiɗa. Ta zana lambun gaba ɗaya a kai da shuɗin alli, sannan ta shiga bin zanen da allura da zare kala-kala. Ta gama bencin, ta gama bokitai, ta hau rumman. Da ta ɗinka babban reshe sai ta kawo masa, tana ta murmushi. Ya ɗaga yadin wajen haske kamar yadda ya saba.

"Aiki ya yi," in ji shi. "Amma wannan reshen fa? Ya nufi dama, ya fasa, ya juyo hagu, kamar wanda ya manta hularsa a gida. Reshe ba ya haka. Sai an gyara."

Ta dube shi, ta yi 'yar dariya. "To, Malam, tunda ka faɗa."

Ta ɗauko ƙaramin almakashi ta warware reshen tas, ta ninke yadin ta sa a akwati. In an tambaye ta sai ta ce idonta ne ya gaji. Daga baya ciwo ya zo, wanda bai da alaƙa da ido, kuma cikin wani lokacin sanyi ta rasu.

Lokacin shi ma ya ajiye aiki. Auta takan same shi a kicin yana jera cokula bisa tsawonsu. Ranar da ya buɗe akwatin ya ci karo da shimfiɗar, ya daɗe a zaune da ita a cinya, sannan ya ce wa Auta yana so ya ƙarasa ta, daidai yadda uwarta ta nufa. Auta ba ta yi masa dariya ba, ko da yake ta san ko maɓalli bai taɓa ɗinkawa ba. Ta nemo masa aji a wani zaure da ke saman ɗakin karatu na unguwa, inda ake koyar da zane da safe, aikin zare da yamma.

Ana gobe fara ajin ya shimfiɗa yadin ya duba. Ya yamutse, kuma shuɗin allin ya dusashe, ya bazu nan da can kamar dauɗa. A iya saninsa na shekaru, alli a jikin yadi alamar aibi ce, kuma yadi ba ya fita gaban mutane da alli a jikinsa. Ya jiƙa shi, ya sa sabulu, ya cuɗa a hankali, ya shanya, ya goge shi sumul. Har ya ji daɗin kansa.

Malamar ajin yarinya ce, sa'ar Auta. Ta shafa ɗinkin ta ce, "Kai, mai wannan hannu ta iya! Baba, ina zanen da ta bi? Galibi a jikin yadin ake yin sa, da alli."

"Shuɗi?" in ji shi.

"Eh, yawanci shuɗi."

"Na wanke."

Wani tsohon direba da ke kujerar kusa, wanda matarsa ta turo shi ajin don ya daina damun ta a gida, ya fashe da dariya. "Mutumina, ka wanke taswira sannan ka zo tambayar hanya?" Da ya ga fuskar Sai-an-gyara sai dariyar ta maƙale masa, ya shiga feƙe fensirin da ba ya buƙatar fiƙa.

Malama ta ce, "Lambun yana nan?"

"Yana nan. Ya bushe."

"Zai dawo. Kafin nan sai ka koyi zane, ka zana shi da kanka."

Haka ya zama ɗalibi, kuma gaskiya ba a taɓa yin ɗalibi mai wahalarsa ba. Aka ce a zana kofi, ya fito da rula daga aljihu. In ya ja layi ɗaya sai ya goge shi, ya sake, ya goge, har takarda ta huje. Direba ya zana kyanwa ta fito kamar tirela, yana ta nuna wa matan ajin yana alfahari, shi kuwa Sai-an-gyara takardarsa fara fat, sai rami a tsakiya. Daga ƙarshe Malama ta miƙa hannu. "Baba, ba ni magogin nan. Na ƙwace. Kuma ka daina zana abin da ka sani, zana abin da ke gabanka." Da yamma kuma allura ta yi ta ramuwa a yatsunsa, kamar tana karɓar wa masu saƙa haƙƙinsu.

Sanyi ya tafi. Wata safiya ya ɗauki allo da takarda da fensir ya fita bayan gida, ya zauna a bencin nan da bai taɓa zama a kai ba. Ƙasa tana ƙamshin raɓa. Rumman ya fitar da ƙananan ganye masu sheƙi, da furanni jajaye jawur, ƙudan zuma suna shiga suna fita kamar masu canjin aiki. Cikin bokiti mai tsatsa wasu furanni ruwan ɗorawa sun fito da kansu, ba wanda ya ba su ruwa. Ya manta da fensir na ɗan lokaci, rana tana dafa masa baya, ya ji wani daɗi da har ya ba shi kunya.

Sannan ya fara zana rumman, idonsa a kan itacen, hannu yana bi. Babban reshe ya nufi dama, ya fasa, ya juyo hagu. Ya dubi takardar, ya laluba aljihu neman magogi, babu. Sai ya ɗaga kai. Reshen ya tafi ne har ya ci karo da katanga, ya ga ba hanya, ya juyo wajen rana. Haka yake tun da can. Taku kaɗan ne daga tagar da yake leƙowa.

Bai gama zanen ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko shimfiɗar, ya manna ta a gilashin taga, haske ya ratso. Alli ya tafi, amma inda ta warware ɗinkin, allura ta bar sawunta: ƙananan huji a jere, waɗanda wanki da guga ba su gama rufewa ba. Da ya kai aji, Malama ta duba ta ce ba ta ga komai ba, Direba ya ce ko da tabarau biyu ba zai gani ba. Shi yana gani sarai. Idon da ya sa aka cire reshen shi kaɗai ne zai iya nemo shi.

Ya bi hujin ɗaya bayan ɗaya da zare ruwan ƙasa, allurarsa tana shiga inda tata ta shiga. Ɗinkin bai kai nata kyau ba, kuma ba wanda ya fi shi sanin haka. Da ya kai inda sawun ya ƙare, ya ƙulle zaren ya yanke.

"Sauran fa, Baba?" in ji Malama. "Yanzu ka iya zane, sai ka cike."

"In na cike, nawa ne. Ban san abin da ta sa a wurin ba. Ta nuna mini, reshe kawai na gani."

Ya shimfiɗa ta a teburin cin abinci, rabinta lambu, rabinta fari. Auta ta tsaya tana kallo, ta share ido da bayan hannu, ta ce cikin tsokana, "To, Baba, sai an gyara?"

"A bar ta haka."

Yanzu kullum da safe yana bencin. Jiya wani fure ya buɗe a kan reshen, daidai gwiwar da ya juya. Ya ɗaga murya: "Auta, zo ki ga abin mamaki!"

Ta leƙo ta taga, waya a kunne, jakar aiki a kafaɗa. "Na gani, Baba. Na makara, sai na dawo."

Ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Ya dai matsa gefe guda a kan bencin, ya bar wuri.