Itacen da Yaya Lawali ya hana wa ruwan sama

Damina bakwai ke nan da muka kai Yaya Lawali makwancinsa a Tsafe. Ni dillalin hatsi ne a Gusau, ba marubuci ba, amma bana na ga ya kamata in faɗi wani abu a kansa, domin saura ƙiris amanar da ya bar mini ta salwanta a hannuna.

Yayana kuku ne. Ya daɗe yana dafa wa wasu Turawan Italiya masu aikin hanya abinci. Da aikin ya ƙare, wasu suka dawo da babur, shi kuwa ya dawo da tsirrai a gwangwanaye: wata ɗoɗɗoya mai faɗin ganye, da wani ganyen ƙamshi mai suna oregano, da wani ɗan itace mai ganye kamar allura da ake kira rosmari. Ya dasa su a bayan ɗakinsa. In ya gasa kaza da ganyen nan, har ƙofar gida ake jin ƙamshi.

Abin da ya sa aka ɗauke shi mai taɓin hankali shi ne wannan. A garin da manoma ke fita roƙon ruwa, shi da hadari ya haɗo sai ya ruga ya kafa wa rosmarin rumfar buhu. Na taɓa ce masa, "Yaya, rahamar Allah kake karewa?" Ya ce, "Kai dai gero ka sani. Wanga a ƙasar duwatsu aka haife shi. Yawan ruwa ruɓar da saiwarsa yake yi."

Da ciwo ya ci ƙarfinsa, bai yi mini maganar gona ko gida ba. Cewa ya yi, "Kar ka bari itacen nan ya mutu." Na amsa da baki kawai.

Ɗoɗɗoyar da oreganon sun bi shi tun a shekarar farko. Rosmarin ya rage, guda ɗaya tal. Sau uku ina yanko reshe in kawo gidana a unguwar Damba a nan Gusau, sau uku yana baƙi ya zube. Na ba shi taki, na ba shi ruwa safe da yamma kamar alayyahu. A tunanina gata nake yi masa. Rashin sani ya fi dare duhu.

A farkon daminar bana matarsa, Yaya Asabe, ta kira ni. Ta ce ba ta iya zaman kuma, za ta koma wajen danginta a Bunguɗu, kuma wanda zai shiga gidan zai malala siminti a tsakar gida ranar Asabar. Duk mai bin hanyar Gusau zuwa Tsafe ya san yadda 'yan bindiga suka mayar da ita a 'yan shekarun nan. Direba ba ya tashi sai ya ga motoci na fitowa daga can. Ranar mun fi awa guda a tasha ba wadda ta ɓullo. Da muka kama hanya, kowa a motar idonsa a kan daji, bakinsa na motsi da addu'a. Na tambayi kaina: mai iyali kamata ya sai da ransa saboda reshen itace? Amma ban sauka ba.

Na tarar itacen rabinsa ya bushe. Yaya Asabe ta dube ni ta ce, "Alhajin birni, ka zo ka kashe na huɗu?" Sannan ta miƙo wuƙa. "Yanki mai ɗanyen kai. Cikin yashi za ka sa shi, ba taki. Kuma don Allah ka riƙe hannunka da butar nan."

Rassa biyar na samu. Na sa aka ɗebo mini yashin gulbi, na huda gindin tukunya, na soke su. Huɗu suka mutu cikin mako biyu. Na biyar ya tsaya, bai mutu ba, bai tsiro ba. Kullum kafin in fita kasuwa sai in tsuguna a gabansa da buta a hannu, in tura yatsa cikin yashin, in ji da sauran danshi, in ajiye butar. Ban taɓa yin cinikin da ya gwada haƙurina haka ba.

Da Yaya zai ga Tsafe a yau, da gidansa da aka shafe da siminti, da hanyar da a da yake bi a keke yana waƙa, ban san abin da zai ce ba. Ina jin itacensa kawai zai tambaya.

Bai bar dukiya ba. Abin da ya bari shi ne sanin cewa ba kowane abu ake raya shi yadda muka saba ba. Shekaranjiya na ga ganye uku sababbi a kan reshen. Jiya da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, na bar baƙi a zaure na ruga da buhu. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Alhaji, lafiya? Ruwan kake karewa?"

Na ce masa, "Lafiya lau. Gado ne."

Allah Ya jiƙan Yaya Lawali, Ya dawo mana da zaman lafiya.