Ƙarfen Ɗaga Keken Ɗinkina

A gidanmu na Maraɗi, da an idar da sallar magariba muke kewaye murhu. Kakata Hajjo tana gasa mana gyaɗa a cikin toka, tana juya ta da tsinke. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga kowa ya daina motsi, sannan ta ce, "To, ga wata ta iso, ku ba ta wuri."

Akwai wadda ba ma so, ita kuwa tana yawan kawo ta. Wata mata ce mai niƙa, dutsenta shi ne abincinta. Saboda ɓarayi ta haƙa masa rami a ɗaki, kullum da safe ita da 'ya'yanta mata su ciro shi. Ta je wurin maƙeri ya yi mata ƙugiya da sarƙa na ciro dutsen. Ya tambaye ta, "Daidai ƙarfinki na yau zan ƙera, ko na ranar da ƙarfin zai tafi?" Ta ji haushi, ta ce na yau. 'Ya'yan suka yi aure, hannunta ya raunana, dutsen ya zauna a rami.

Mukan ce, "Kaka, sai me ya faru?"

"Babu. Yana can har yanzu. Ku ci gyaɗarku."

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ɗinki a Hayyin Ashir, wata unguwa a ƙasar Larabawa, tun da mijina ya rasu ya bar ni da 'yarmu Hafsa. Ɗakinmu ƙarami ne, shi ya sa bara na sa wani kafinta, Usta Ramadan, ya yi mini teburi mai ciki, wanda keken ɗinkin zai nutse a ciki idan na gama aiki, mu ci abinci a kai. Na auna masa tsakanin gado da bango, ya ƙera daidai.

Da ya gama katako, ya kira ni in zaɓi ƙarfen da zai riƙa ɗago keken. Ya nuna mini iri biyu. Ɗaya mai sifirin, sai ka danna keken da hannu biyu kafin ya taso. Ɗaya na lantarki, maɓalli kawai ake taɓawa. A lokacin likita ya riga ya gaya mini sanyin da ke gaɓoɓin yatsuna ƙaruwa zai yi. Ban faɗa wa kowa ba, har Hafsa.

Na gwada mai sifirin a shagon. Na danna har sau uku, bai motsa ba. Usta ya kawar da kai kamar bai gani ba.

"A sa na lantarkin," na ce.

Ya sa awo, ya girgiza kai. "Ma'alish ya hajja, yi haƙuri. Cikin ya gaza da yatsa huɗu. Da kin faɗa mini tun farko, da na san yadda zan yanka katakon."

Aka sa mai sifirin. Hafsa ce ke danna shi kowace safiya, tana tsokanata wai na fara son jiki.

Da ina yarinya na ɗauka girman kai ne ya hana matar nan faɗa wa maƙeri gaskiya. Yanzu ina ganin tsoro ne. Idan ta faɗa da bakinta, ta yarda ke nan ranar tana tafe.

Hafsa ta gama karatu, ta koma gida Maraɗi watan jiya. Ta bar mini keken a sama. Ko a hakan, zaren da nake zurawa a allura cikin ƙiftawar ido yanzu sai in daɗe ina fama da shi. Na mayar wa mata biyu yadinsu ban taɓa ba.

Jiya ta kira, ta ce, "Umma, ya aiki?"

Na ce mata tamam, ya yi yawa ma.